Ledar da Na Sa wa Kuɗin Yaya Sale

Shekara tara ke nan da aka fita da wana, Yaya Sale, daga gidanmu na unguwar Amrigebe, aka dawo ba shi. Allah ya jiƙansa, ya kyauta namu zuwan. Duk shekara in lokacin ya zagayo, ɗan abin sadaka muke yi mu ja bakinmu mu yi shiru, amma bana na ce sai na rubuta. Masu waiwaye sukan jera alherin mamaci ne su tashi. Ni kuwa akwai ɓarnar da na yi wa amanarsa da hannuna, kuma labarinsa ba zai cika ba sai da ita. Ni ce Asabe mai turare, duk wanda ya san ni ya san ba na rufa-rufa, ko da a kaina ne.

Yaya Sale ɗan canji ne a babbar kasuwar Injamena, ya fi shekara talatin a kan benci ɗaya. Mutanen Nijar su kawo sefarsu ya ba su tamu, masu haurowa daga Maiduguri su kawo naira. Sana'ar ce ta koya masa ƙura wa takarda ido, don in ka yi sake aka zura maka jabu, kai ne a ciki. Garin wannan dube-duben ya lura da abin da mu ba mu taɓa kula da shi ba: kowace takardar kuɗi da sa hannun mutum biyu a jikinta, kuma hoto yakan shekara da shekaru bai canza ba, alhali masu sa hannun sun canza sau da yawa. Tun daga nan, in sabon sa hannu ya faɗo masa a takarda mai tsabta, sai ya ware ta gefe. Har tsofaffi ya riƙa bi yana karɓar takardun zamanin Nasara waɗanda aka daina karɓa tun ba a haife ni ba.

Kai, mun yi masa tsiya! Ya buɗe kundin da yake jera su a ciki ya nuna mini ɗari biyar-biyar guda shida a jere, iri ɗaya sak. Na ce, "Yaya, don Allah ba duk ɗari biyar ba ce? Ba ni ɗaya in sayi gawayi." Ya yi murmushi ya ce, "Ke hoto kike gani, Asabe. Hoto ado ne. Nan ƙasa kuwa wani ɗan'adam ne ya yarda a kama sunansa in takardar ta zama ƙarya." Sai ya shiga gabatar mini da su kamar maƙwabtansa. Wannan mai gaggawa ne, dubi yadda ya ja alƙalami ya wuce. Wancan ɗan ƙwalisa ne, jelar sunansa ta kusa fita daga takarda. Wannan kuma bai daɗe a kujera ba aka sauke shi, shi ya sa masu tarawa ke hauka a kan tasa. Yaya bai yi boko ba, amma ƙarƙashin kowace takarda ya rubuta da ajami inda ya same ta da wanda ya kawo ta.

Yanzu da kuɗi ya koma cikin waya, nakan tambayi kaina me zai ce. Mace ta zo sayen turare ta danna, wayata ta yi ƙara, shi ke nan wai an biya ni. Na san ba zai ƙi abin ba, don shi mutum ne mai son sauƙi, kuma ya sha wuyar ɓarayi. Amma na rantse sai ya juya wayar gaba da baya ya ce, "To wa ya tsaya mata?" Abokan sana'arsa da suka rage ma yanzu rabin aikinsu da yatsa suke yi.

Mu jikokin maniyyata ne. Kakanninmu sun baro ƙasar Katsina a ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare a nan, suka ce bari su ɗan nema su wuce. Ɗan neman ne ya kai mu yau. Har kakarmu ta rasu, in an tambaye ta garinsu cewa take, "Muna kan hanya." Yaya ya ci burin ƙarasa wannan tafiya, ciwo ya riga shi. Da ya ji jiki ya yi nauyi, ya kira shaidu biyu ya ce kundin nan kyauta ne ga matarsa Kaltuma, ba ya cikin gado. Akwai wani mutumin Garwa mai tara irin waɗannan takardu da ya taɓa taya shi da abin da zai biya kujerar Makka, ga lambarsa a bangon kundin. Ya ce mata, "In na riga ki, ki kira shi. Ki je mana." Kaltuma ba ta samu tafiya da wuri ba, don tsohuwarta na kwance, ba mai juya ta sai ita.

A damina ta uku bayan rasuwarsa ruwa ya shigo mana har ɗaka. Da aka janyo akwatin da kundin ke ciki, bangon kundin ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, yana warin sanyi. Hankalina ya tashi. Ni kuwa ba na shawara in na ga abu zai lalace, halina ne tun ina yarinya. Na naɗe kundin a zane, na hau kilando, wato acaɓarmu ta nan, sai wajen masu manne katin ɗan ƙasa cikin leda da injin zafi, plastifiye muke ce masa a nan. A gaskiya mutumin ya ja da baya. Ya ce, "Hajiya, kuɗi ne fa. Anya?" Na ce masa kuɗinka ne ko na wana? Yi aikinka a biya ka. Ya manne su ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye a kansa, har ina sa shi ya maimaita wadda gefenta bai kama ba. Na dawo gida ina taƙama, na zuba wa ɗaya ruwan buta a gaban kowa don su gani. Aka yi ta sa mini albarka. Kaltuma har da hawayenta, tana cewa Sale ya bar 'yar'uwa.

Shekara uku bayan haka tsohuwar ta cika. Da aka share makoki, Kaltuma ta kira mutumin Garwa, ya kuwa zo da kansa ta Kusiri. Dattijo ne mai natsuwa. Ya sha shayi, ya yi wa Yaya addu'a, sannan ya wanke hannu ya goge kafin ya taɓa kundin. Ya buɗe shafin farko, sai na ga ya tsaya. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na ƙarshe, ya cire tabarau ya ce, "Innalillahi. Wa ya yi wannan aikin?" Ni kuwa baki har kunne na ce ni ce. Ya dube ni da tausayi, ya bayyana mana cewa zafin injin ya narkar da danƙon ledar cikin takardar, in an ɓare sai ta taho da tawada, har da sa hannun. Mai tarawa kuwa takarda yake so yadda ta fito, ko guga ba a yi mata. Ya ce ba shi kaɗai ba, duk duniya ba mai saye. Ashe garin gyaran gira na tsone ido.

Da Kaltuma ta zage ni, wallahi da na ji sauƙi, don na iya faɗa. Ba ta yi ba kuwa. Ta raka baƙo, ta dawo ta rufe kundin ta mayar akwati, ta ce, "Allah bai kira ni ba ne." Ta riga ta ɗinka fararen kayanta, na gan su a ninke bisa akwatin. Wata guda ban iya haɗa ido da ita ba, alhali tsakar gida ɗaya muke shara. Na je wa malamin unguwarmu, ya ce ba ni da laifi, don aiki da niyya yake, kuma hajji bai wajaba ga wanda bai da hali ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, na yarda. Amma niyya ba ta hawa jirgi." Ya yi dariya ya ce ke dai ba a iya miki.

Ina da fili a Gassi. Shekara ashirin ina shaƙar hayaƙin turare kafin na mallake shi, lokacin wajen duk daji ne. Yanzu gari ya cim masa, gidaje sai tashi suke. Nan na so in gina ɗaki biyu in huta a tsufana. Nakan shiga motar haya in yi wannan doguwar tafiya don kawai in tsaya a kansa in dawo. Da na ce zan sayar in biya wa Kaltuma kujerar Makka, 'ya'yana suka yi ca a kaina: kuskure ne, kowa na yi, ita ma ai ta yafe. Na ce musu kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ni na tsaya a kan mai leda, ba ku ba. Na sayar, kuma ba zan yi ƙarya ba, ranar na yi kuka a motar har wata Balarabiya ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mini.

Rigimar da ta fi ita ce ta Kaltuma. Ta ce ba za ta taka Makka da gumin 'ya'yan wani ba, in mayar wa wanda ya sayi filin kuɗinsa. Matar da ba ta ɗaga murya, ran nan maƙwabta sun ji ta. Na ce, "Matar Yaya, fili ya tafi, an ma fara sauke yashi. Ko ki je, ko mu yi biyu babu." Kwana uku ba ta yi mini magana ba. Ran na huɗu ta shigo ɗakina da fasfo ɗinta ta ajiye a kan gado, ta ce, "Ke dai 'yar rigima ce tun da aka kawo ni gidan nan."

In na auna abin da ya rage na Yaya Sale yau, ban ga asara ba. Bencinsa wani ya gaje, dukiyar da aka raba ta bi hanyarta. Kundin kuwa yana nan, tun da ba mai saye, kuma jikoki na juya shi da hannun mai ba wanda ke tsawata musu. Suna sanin mai gaggawa da ɗan ƙwalisa, suna koyon ajaminsa a ƙasan kowace takarda. Ban ce na yi daidai ba, kuma masu irin wannan ajiya su ji da kyau: a nemi wuri busasshe a tambayi masana, kada a bi hanyar Asabe. Amma na tabbata da zai dawo, zai fara yi mini faɗa, faɗa mai zafi kuwa, daga baya ya ce a kawo shayi.

Bara Kaltuma ta tafi. Ina cikin daka sandal da hantsi wayata ta yi ƙara, na ji hayaniyar mutane, sannan muryarta. Ta ce, "Asabe, ga ni ga ɗakin Allah, ina ganinsa da idona. Na fara da kakanni, na ce musu an iso. Na yi wa Sale addu'a. Yanzu ke zan yi wa, me kike so?" Ni da ba a taɓa raba ni da magana ba, na buɗe baki ban sami ko kalma ɗaya ba. Ta jira, ta jira, sannan ta ce, "To yi shirunki. Na san inda filin yake, shi zan roƙa Allah ya musanya miki."