Kawu Sidi, Fatoman Glenwood

Duk wanda ya zauna a unguwar Glenwood, a nan Amurka, a farkon shekarun dubu biyu ya san kujerar Kawu Sidi. Fara ce ta roba, ƙafa ɗaya ɗaure da waya. Ana sallame isha'i zai ɗora ta a ka, a ka fa, kamar mai tallan burodi, ya saƙale flas ɗin shayi a hammata, ya taka har titin nan na kusa da jami'a inda gidajen giya da na kiɗa suke jere. Nan zai dasa ta ya zauna da carbinsa, dattijo dogo mai kusan shekara saba'in, kiɗa na dukan bango a bayansa, 'yan makaranta na wucewa suna tangaɗi. Ba kallo ya kai shi ba, Allah ya sani. Mai jaka a baya yake nema. Da ya hango ɗaya sai ya miƙe ya tare shi da Turancinsa na Kumasi: "Maigida, ka sami wurin kwana?"

Ni ce Rabi, 'yar ƙanwarsa, kuma ni na sha fama da shi, saboda haka in na yi masa tsiya yau ina da iko. Gidan da yake kwaso mutanen nan yana kaiwa na haya ne, sunana ne a takarda, takardar kuma ta ce mutum huɗu: ni, mijina Sani, 'yarmu Nana, sai shi. Kullum gabana faɗuwa yake kada mai gida ta ji ta kore mu.

Laifin na Bangkok ne. Kawu ɗan zangon Kumasi ne, kakansa fatoma, wato mai saukar da fataken goro a gidansa. Kafin ya zo Amurka ya yi shekaru yana zuwa Bangkok saro kaya, a can ya ga wani titi da ya hana shi sakat har ya koma ga Allah. Na ji labarin titin nan ya fi a ƙirga.

"Rabi, titi ɗaya ne ƙwal. An ce da can kasuwar shinkafa ce. Sai wata rana wani ya ba Bature ɗaya ɗaki. Bature ya je ya gaya wa danginsa. Yanzu je ki gani! Dare kamar rana. Fitilu, kiɗa, mai soya taliya a amalanke, mai soya fara, fara irin tamu, Rabi! Kowa da jaka a baya ta fi shi girma. Na tsaya na ce, kai, wannan ai zango ne. Fatake ne, jaki kawai suka rasa, suka maye gurbinsa da kansu."

"To Kawu, me suke sayarwa?"

"Ba komai! Shi ne abin tausayin."

A ganinsa, sana'ar kakanninsa ce aka ɗauka ba a ce an gode ba. In kasuwar shinkafa ta zama zango da ɗaki ɗaya, me zai hana Glenwood? Ga tashar bas ba nisa, ga ɗalibai, ga shi kuma jikan fatoma. Mu ne dai ba a nemi shawararmu ba.

Dokarsa ta farko: ba a tambayar baƙo sunansa ko garinsu sai ya kwana uku. Wani dare ya tsinci wani saurayi Bature zaune a gefen titi, jaka a baya, kai tsakanin gwiwoyi. Ya kamo shi ya kawo falo, ya ɗura masa shayi. Da safe koko da ƙosai, da rana wake da shinkafa irin na Kumasi da yajin nan mai sa gumi. Duk lokacin da bawan Allah ya buɗe baki zai yi bayani, sai Kawu ya ɗaga hannu: "Ci tukuna." A rana ta uku Kawu ya sa babbar riga, ya tara mu, ya zaunar da shi.

"To, baƙo, daga wace ƙasa?"

Saurayin ya tashi ya ɗaga labule, ya nuna gidan nan mai fenti ruwan ƙwai da ke kallon namu. Makullinsa ne ya ɓata a gidan rawa, abokan zamansa kuma tun washegari suka buɗe masa. Abincin ne ya riƙe shi. Sani ya yi dariya har ya faɗo daga kujera. Kawu ko gezau.

"Tafiya tafiya ce," in ji shi. "Shi ya san abin da ya gani a hanya."

Sai rakiya. Kawu bai yarda a yi sallama da baƙo a bakin ƙofa ba, sai an taka masa. To a ƙasar da kowa ke da mota, yaya za a yi? Wani Alhaji ɗan Damagaram ya sauka a wurinmu da motarsa, zai wuce Atlanta. Ya shiga, ya tayar, Kawu ya dafa tagar yana tafiya a ƙasa, mota na rarrafe, ana ta "a gai da gida, a gai da yara". Motoci suka yi layi a baya. Can sai ga ɗan sanda.

"Motar ta lalace ne?"

"Lafiyarta lau. Rakiya nake yi."

Alhaji ya jiƙe da gumi, yana ta ba da haƙuri da Faransanci, "pardon, pardon". Kawu kuwa ya tsaya ya karanta wa ɗan sandan darasi a kan hakkin baƙo, tun daga kakansa. Mutumin ya saurara, ya roƙe shi ya koma gefen hanya, ya juya zai tafi. Sai Kawu ya bi shi a baya har bakin motarsa.

Na ce, "Kawu, ina kuma za ka?"

"Shi ma ai wurinmu ya zo."

Abin da nake tsoro bai daɗe ba ya faru. Mai gidan wata tsohuwa ce daga Pleasant Garden, wani ƙaramin gari kusa da mu, ba ta da hayaniya. Ta zo da safe duba famfo, ta tarar da takalma jibge a ƙofa kamar masallacin Juma'a. Kawu ya hana ta magana sai da ta ci tuwo da miyar ayoyo. Ta cinye tas, ta goge baki, ta yi godiya, sannan ta ce: mutum huɗu, ko kuma mu tashi ƙarshen wata.

Tana fita na sauke masa abin da na daɗe ina haɗiyewa. "Kawu, nan ba Kumasi ba ne! In aka watso mana kaya waje, a kan kujerarka za mu kwana? Gidan nan ba na kakanka ba ne!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya ja carbi. "Na ji, ɗiyata. Mutum huɗu. Ba za a ƙara ba."

Takalma suka ɓace daga ƙofa, hankalina ya kwanta. Aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi, sai bakwai na safe nake dawowa. Nakan tarar da wani baƙo guda yana shan koko, Kawu ya ce karin kumallo ya zo, ni kuma ga gajiya, sai in wuce ɗaki.

Wani dare a watan Janairu zazzaɓi ya kama ni a wurin aiki, aka sallame ni wajen ƙarfe uku. Na shigo ta baya, inda tsohuwar motar Sani take ajiye ba taya. Sai na ga gilashinta ya yi raɓa daga ciki. Na buɗe. Kawu ne a kujerar baya, ya naɗe cikin kwat biyu, gwiwa har haɓa, mutumin da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar falo.

"Rufe min ƙofa, kina shigo da sanyi."

"Innalillahi! Kawu, me kake yi a nan?"

"Ƙirga mana. Ke, Sani, Nana, baƙo a ɗakina. Huɗu. Na karya doka?"

"Ai ni ba na kwana a gida! Da ka shiga ka kwanta a falo, huɗun ne dai!"

"Ko kina aiki, ɗaya ce ke a takarda. Matar nan ta ci tuwona. Ba zan yi mata wayo ba."

Da safe na tsare Sani, ya amsa cewa tun sanyin bara ake haka, duk daren da aka sami baƙo, kuma Kawu ya sa shi ya rantse ba zai faɗa ba. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na je na durƙusa na ce ya yafe min maganar da na yi a kan kakansa.

"Gaskiya kika faɗa," ya ce. "Gidan ba na kakana ba ne. Baƙon ne na kakana."

Ba a kore mu ba. Ba kuma wanda ya iya hana shi motar nan, sai dai na tara masa barguna. Glenwood ba ta zama zangon da ya yi mafarki ba, amma ina faɗa da alfahari ko a gaban wa: a unguwar nan an yi fatoma na gaske, kuma kawuna ne. Ya rasu bayan shekara biyu, ciwon kwana huɗu, a kan gadonsa.

Allah Ka ji ƙan Kawu Sidi, Ka yafe masa, Ka yafe mana abin da muka gaza a kansa. Ya daɗe yana kwana a takure saboda bayinKa. Ka yalwata masa kabarinsa, ya samu ya miƙe ƙafa.