Tambayar da Kakata Ba Ta Yi Ba

Warin ruwan batir ne ya jawo mini wannan magana. Shekaranjiya na tsaya wurin mai cajin batir a bakin tashar Tambuwal, ya buɗe murfin wani tsohon batirin mota, warin nan mai yaji ya bugi hancina. Kafin in ankara sai ga ni a tsakar gidan baffana, ina ɗan firamare, an ɗora talabijin a kan kifaffen turmi, kakata kuma ta juya mata baya.

Bari in faro maka daga tushe. Sunan kakana na wajen uba aka sa mini, don haka kakata ba ta taɓa kiran sunana ba. Maigida take ce mini, ni kuma in ce Allah ya kiyaye ni da auren tsohuwa marar haƙora. A Kebbe muke zaune. Shi kakan nawa ban san shi ba, babana ma bai san shi ba, domin yana goye uban ya bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa, shi da wani amininsa mutumin Tambuwal. Bayan shekaru aminin ya dawo shi kaɗai. Ya zauna a zaure, ya shaida wa dattawan gida cewa Allah ya yi wa abokin tafiyarsa rasuwa a hanya. Aka shafa fatiha, aka aika cikin gida kakata ta shiga takaba. Iyakar abin da ya iso kunnenta ke nan.

Sai kuma bakin mutane. Wani da ya dawo daga baya ya ce ya hangi mai kama da kakana a wata kasuwa a Sudan, da rumfarsa da 'ya'yansa. Shi ke nan zance ya samu gindin zama: wai bai mutu ba, wuri ya samu ya miƙe ƙafa, aminin kuwa rufa masa asiri ya yi. Ba wanda ya faɗa wa kakata gaba da gaba, amma a bakin rijiya da gidan biki ta sha habaici. Ta yi wani auren kamar yadda ake yi, wannan mijin ma ya rasu, ta dawo hannun babana, abin yana nan daram a ranta. Mutuwa ce ta raba su, ko gudunta aka yi?

Za ka ce to me ya hana ta tambaya, tunda aminin, wanda muke kira Alhaji, yana raye, Tambuwal kuma ba bangon duniya ba ce? Hm! Ba ka san mutanenmu na da ba. Mace ta buɗe baki ta tambayi labarin mijinta, kuma a wurin aminin mijin? Ai gara ƙasa ta tsage ta shige. Shi ma Alhajin duk babbar salla yana aiko mata da goro, amma in ya zo Kebbe iyakarsa zaure, gaisuwa ta bayan zana. Babana kuwa a ganinsa dattijo ya riga ya ce an rasu, sake tambayarsa ƙaryata shi ne. Haka kowa ya yi ta yi wa kowa kara har furfura ta cika musu kai.

Zamanin kuɗin mai ne, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi. Baffana, ɗan da kakata ta haifa a aurenta na biyu, yana aikin ƙaramar hukuma a Tambuwal, ya sayo talabijin marar kala mai aiki da batirin mota, ya kafa eriya a kan doguwar gora. A lokacin ana wani shirin tarihi duk mako. 'Yan talabijin su ɗauko kayansu su shiga ƙauye, su zaunar da tsoho a gindin bishiya, su bar shi ya yi ta magana: wanda ya ga shekarar fara, wanda aka kama aikin hanya, wanda ya yi fatauci da jakuna. A wata damina, gero ya fara fitar da kai, direban akori-kura ya kawo mana saƙon baffa cewa an ɗauki Alhaji a kan tafiyar Makka a ƙasa, za a nuna a mako mai zuwa.

Ana gobe za a nuna, sai kakata ta tashi da ciwon ido. Ido kuwa ƙalau! Ta ce sai asibitin Tambuwal, kuma Maigida ne zai raka ta. Babana ya dube ta, ya dubi ƙasa, ya ce to. Hanyar Kebbe da damina kuwa sai wanda ya bi ta. Motar ta yi ta kafewa a taɓo, maza na sauka suna turawa, tsohuwar da kullum ke kukan ciwon baya ko tsaki ba ta yi ba.

Kafin rana ta faɗi maƙwabta sun cika gidan baffa, yara a gaba, maza a kan tabarmi, mata a bakin ɗaki. Kakata ta ce ita ba ruwanta da aljanun akwati. Ta jawo 'yar kujerarta da ƙwaryar gyaɗa, ta juya wa talabijin baya ta kama ɓara. Sai dai ta zauna kusa, kusa ƙwarai, har na ce mata ko za ki shiga ciki ne, ta dungure mini kai.

Sai ga Alhaji a talabijin, a gindin darbejiya, da carbi a hannu. Mai yi masa tambayoyi wani saurayi ne baƙo, mai Hausar rediyo, bai san kowa ba a cikinmu, bai kuma san abin da ake jin nauyinsa ba. Alhaji ya ba da labarin yadda suka riƙa yin ƙodago a gonakin mutane don guzuri, da tsinkar auduga, da ranar da ya fara ganin teku ya ɗauka sama ce ta faɗo. Ana cikin haka batir ya fara sanyi. Hoton ya riƙa tsukewa, Alhaji yana komawa ɗan mitsitsi a tsakiyar gilashi, baffa yana ta salati. A daidai nan saurayin ya ce, "Baba, kai kaɗai ka tafi?"

Alhaji ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo, ba su yanke shi ba, suka bar tsoho yana jan carbinsa. A bayana na ji ɓarar gyaɗa ta tsaya.

"Mu biyu munka tashi," in ji shi. "Mun yi aikin Hajji tare, mun tsaya Arfa tare. Ga dawowa, cikin Sudan, nic ce mu tsaya mu yi noman damina guda mu ƙara guzuri, kamar yadda kowa ka yi. Yac ce shi bai iya ƙara damina. Yac ce, na baro yarinya da goyo, kullum su nika gani. Munka shigo hanya cikin ruwa, masassara ta kama shi ga ƙasar Cadi. Bisa cinyata yac cika. Ni niy yi mai wanka, mutanen garin sunka taya ni salla, da hannun ga nawa nis sa shi ga kushewa."

"Ka gaya wa iyalinsa haka?"

"Ba su tambaye ni ba, ɗana. Ni ko ina jin nauyi."

Hoton ya koma ɗigo, ya ɓace. Wani maƙwabci ya ruga cire batirin motarsa fijo, amma kafin a haɗa an gama shirin. Manyan da suka san zancen kowa ya sunkuyar da kai. Na zagaya na tsuguna a gaban kakata. Hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba, kwanson gyaɗa na hannunta. Can ta ce a hankali, ba da ni take ba, "Ashe tahowa shika yi." Sannan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce, "Allah shi jiƙan shi." Ban taɓa jin ta yi masa addu'a a fili ba sai ranar. Washegari muka koma Kebbe, ba a sake jin zancen asibiti ba.

Yanzu ka kunna talabijin ka nemo mini shiri irin wannan. Fim ne, da talla, da 'yan siyasa suna musu. Tarihi ya koma waya, wani yaro mai zaƙin murya ya zuba maka labarin shekara ɗari kafin shayinka ya huce, duk "an ce" ne, ba "na gani" ko ɗaya. Ni ma ina kallo, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ba mai haƙurin zama gaban tsoho ya jira shi ya gama shirunsa, kuma abin da kakata ta yi rabin rayuwarta tana jira, bayan shirun ya fito. Abin yana mini ciwo, wallahi, domin tsofaffin suna ta tafiya da abin da idanunsu suka gani. Da na girma na bi sawun faifan shirin, ban same shi ba.

Jiya da yamma na tara 'ya'yana, na sa suka kife wayoyinsu, na ba su labarin kamar yadda na ba ka. Ni ba zan jira sai an tambaye ni ba. Sai autata ta ce, "Baba, a wane gari aka binne shi? Mu je mu gani mana."

Ni ban san sunan garin ba. Alhaji ya san sunan garin. Wataƙila ma ya faɗa bayan batir ya mutu. Ya rayu shekaru bayan wannan shiri, kuma duk salla muna zuwa gidansa, ni da babana da baffa, mu durƙusa mu gaishe shi, ya sa mana albarka, mu tashi.