Mita Huɗu da Goma Sha Biyu

Ɗinkin tabarma Tokuji Hoshina ya gada, amma a ƙauyen Shirakubo ba wanda ya san shi da allura. Da gora aka san shi. Shekara arba'in da ɗaya, daga zubar dusar ƙanƙara ta farko har narkewar ta ƙarshe, ƙarfe tara na safe a bayan gidansa take yi masa, gaban wata doguwar gora mai zanen ja da fari. Ya duba inda dusar ta kai, ya buga waya ya shaida wa 'yan ƙungiyarsu ta masu awon dusa. Su goma sha huɗu ne a kwarin, tsofaffin da aiki ya sallama, kowa da gorarsa, kowa na fatan a ce ƙauyensu ya fi na kowa shan wuya.

Tokuji ne gwaninsu, kuma rana ɗaya tak ta ba shi wannan matsayi. Shekara ashirin da uku da suka wuce aka kwana shida ana zubawa ba ƙaƙƙautawa, har gorarsa mai mita uku ta nutse. Ya tono bakinta, ya ɗauko wata ya ɗaura a kanta, ya karanta: mita huɗu da santimita goma sha biyu. Ba wanda ya sake kamo ƙafarsa.

A safiyar nan ce kuma matarsa Fusae ta rasu. Ko yaron goye ya san ba a hawa rufi share dusa mutum ɗaya, sai da mai riƙe igiya a ƙasa. Ta leƙo ta ce, "Maigida, katakon rufi sai ƙara yake yi, zo ka riƙe min igiya." Ya ce tara ta kusa, ta ɗan jira shi. Da ta gaji da jira sai ta hau. Dusar rufin ta zame da ita, ta rufe ta a gindin bango.

'Yarsu Chizuru tana da shekara goma sha biyar a lokacin. Abin da ya faɗa mata shi ne abin da yake faɗa wa kansa: "Mita huɗu da sha biyu ce fa, 'yata. Ba a taɓa ganin irinta ba. Ko ina wurin, mu biyu za ta binne." Ta yarda, ta girma, ta yi aure a birni, tana zuwa masa duk sabuwar shekara. Lambar nan ita ce ta bar abinci yana wuce masa a maƙogwaro. Sai dai ya cika bakin tsiya da ita. Duk wanda ya kawo awonsa sai Tokuji ya taɓe baki ya ce, "Wannan ai yayyafi ne."

Da ƙungiya ta cika shekara hamsin, aka ɗora wa Malam Marugame, tsohon malamin lissafi, haɗa ɗan littafin tarihi. Mutum ne da ko gaisuwa sai ya yi mata gyara. Ranar walima, an ci an sha giyar shinkafa fuskoki sun yi ja, sai ya haska wani hoto a bango. Hoton gorar ne, wanda Tokuji ya ɗauka da hannunsa ranar.

"Dattijo Hoshina," in ji Marugame, murya ƙasa-ƙasa kamar mai tambayar hanya, "da ka ɗaura gora ta biyu, baki da baki ka haɗa su?"

"Wa ke ɗaura gora baki da baki? Ai sai ɗaya ta hau kan ɗaya."

"Madalla. Ga shi ta hau da zane huɗu, santimita arba'in ke nan. Ka cire su daga lissafi?"

Marugame bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"To, mita uku da saba'in da biyu ke nan. Sau biyar ana wuce ta. Ko bara an yi uku da tamanin, gwauruwar da ke maƙwabtaka da kai ta share rufinta, jikarta na riƙe da igiya, ta sauko ta dafa shayi."

Wani daga ƙarshen tebur ya ce, "Ashe yayyafi ne!" Aka fashe da dariya har da masu buga tebur. Dukkansu sun san abin da ya faru a ranar, wasu ma da shebur ɗinsu aka tono Fusae. Amma haushin shekara ashirin da uku ne a cikinsu, ba wanda ya ce a bari. Marugame ya rusuna ya ba shi haƙuri cikin ladabi, sannan ya sa gyaran a shafi na biyu. Aka aika wa iyalan kowa littafin.

Bayan kwana goma Chizuru ta zo, ba ta yi waya ba. Ta cire takalmi, ta wuce shi, ta durƙusa gaban ɗan akwatin da ake kunna wa mamatan gida turare. Ta ɗauke hoton mahaifiyarta da allon sunanta, ta naɗe su a mayafi. Tokuji na tsaye a bakin ƙofa, tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar jana'iza.

"Baba, minti nawa ka yi kana ɗaurin nan?"

"Chizuru, ki zauna ki sha ko ruwan zafi ne."

"Minti nawa?"

"Kamar arba'in."

Ta gyaɗa kai, ta rungume ƙullin a ƙirji.

"Minti arba'in tana jiranka, kuma ko awon ba ka yi daidai ba."

Ta sa takalminta a tsaye, ta ce kada ya wahalar da kansa da rakiya, ta san hanyar tasha.