Tsakuwar da Mama Ta Jefa

Kaka ba ta yin tatsuniya da yunwa. Da magariba ta yi sai ta hura wuta a tsakar gidanmu na Lafia, ta tura ƙananan doya cikin garwashi, ta jawo 'yar kujerarta ta zauna. Mu jikoki mu kewaye ta, rabin hankalinmu a kan labari, rabi a kan doya. Ita ce ta haifi Mama, kuma a kan duwatsun Eggon ta tashi kafin aure ya sauko da ita gari. Har ta rasu ba ta daina raina Lafia ba, wai gari ne shimfiɗaɗɗe kamar tabarma, ko akuya ba ta da abin hawa.

Ba ta buɗe labari kamar sauran tsofaffi. Sai ta ƙwanƙwasa kujerar ta ce, "Tatsuniya na bakin ƙofa, a buɗe mishi ko a bar shi ya sha sauro?" Mu haɗa baki mu ce a buɗe.

Ina 'yar firamare ƙyanda ta kama ni, ta tafi da idanuna. Na warke, amma Mama ta kafa doka: ba ni ba makaranta, ba ni ba bakin rijiya, ba ni ba ƙofar gida. In za ta tafi kasuwa sayar da doya, sai ta zaunar da ni a baranda ta ja wa kowa kunne. Ƙauna ce, na sani, amma ni da aka sani da hawan katanga da satar mangwaro na koma kamar tulu a lungu. Na yi baƙin ciki ƙwarai, kuma ga dukkan alamu haka zan ƙare rayuwata.

A cikin tatsuniyoyin Kaka akwai wadda muka haddace tun ina gani. Wai an yi fari a wani ƙauye da ke gindin dutse, har mutane suka cinye irin shukarsu. Tsofaffi suka tuna cewa kakanni sun ɓoye tukunyar irin acca a kogon da ke ƙolin dutsen. Majiya ƙarfi suka yi ta hawa, amma duk wanda ya kai tsakiya sai ya leƙa ƙasa, jiri ya ɗebe shi, ya sauko hannu rabbana. Sai wata makauniyar yarinya ta ce ita za ta je, tunda ba ta da idon leƙe. Matsalarta ɗaya, ba ta san inda za ta sa hannu ba. Sai wani ɗan tsuntsu ya riƙa tashi a gabanta yana saran dutsen da baki, ƙwas, ƙwas, duk inda ta ji ƙara ta miƙa hannu ta sami makama. Haka ta ɗauko tukunyar, aka yi shuka, aka ƙoshi.

Wata ranar damina bayan na makance, Kaka ta ɗauko wannan labari. Mama na gefe tana ɓare agushi, ina jin ƙarar ɓawon yana faɗawa a tire. Da aka zo wurin tsuntsu, sai Kaka ta ce uwar yarinyar ce ta cika zaninta da tsakuwa, ta tsaya a ƙasa tana jifar duk inda ta hango tsaga.

Yayyena suka yi caa, suka ce ai tsuntsu ne.

"Tsuntsun ya yi tafiya," in ji Kaka. "Uwan yarinya ne. Ni da na yi wasa a gindin dutsen za ku gaya wa?"

Ta ma ƙara wani abin da ba mu taɓa ji ba. Wai da yarinyar ta yi nisa, jifar uwar ta daina kaiwa. Uwar ta zubar da sauran tsakuwar ta tsaya, ba ta yi kuka ba, ba ta ce ta sauko ba. Yarinyar kuwa hannunta ya riga ya koyi dutsen, ta ƙarasa ita kaɗai.

Ɓarar agushi ta tsaya. Mama ta ce, "Iya, na ji ki sarai. Amma in ta karye, ni ce zan kwana asibiti, ba ke ba."

Kaka ta ce ita tatsuniya take yi wa jikokinta, ba ta san akwai mai saurare a gefe ba. Ta ciro doya ta kankare, ta ba ni mafi girma.

Daga ranar tsuntsu bai sake dawowa cikin labarin ba. Da rana kuma, in Mama ta tafi kasuwa, Kaka kan kai ni gindin mangwaron gidan da muciya a hannunta. Ta buga reshe, in bi ƙarar in kama. Ranar da Mama ta dawo da wuri ta tarar da ni a can sama ina cin mangwaro, tsohuwa a ƙasa tana ɗaga muciya, an yi faɗan da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Amma da zangon karatu ya zagayo, Mama da kanta ta ɗauki akwatina ta kai ni makarantar makafi. Ta yarda da boko ke nan, hawa kuwa ta ce kada ta ƙara ji.

Yanzu ni malama ce, da 'ya'yana, Kaka kuma ta daɗe da rasuwa. Wasu abokan aikina na zuwa hawan dutse ta hanyar Akwanga ranar Asabar, da igiya da hular kwano, na nace sai da suka tafi da ni. Ranar da tafin hannuna ya taɓa dutse mai ɗumin rana, na ji kamar na dawo gida. Sai dai jagoranmu, wani malamin wasanni mai suna Danjuma, in ya ce dama sai ka tarar hagu yake nufi. Na ce masa ya bar ihun, ya ɗebi tsakuwa ya jefi wurin. Suka yi dariya, amma abin ya yi aiki.

Mama ta ji labari a bakin jikokinta. Ta ce ranar Asabar ƙafata ƙafarta, za ta ga waɗanda ke neman kashe mata 'ya. Ta zo ta duba igiyar, ta ja ta da ƙarfi, ta tambayi Danjuma ko yana da uwa. Na fara hawa tana ta addu'a a bayyane. Danjuma kuwa don tsoronta, jifarsa ta farko ta sauka a kan hulata, ƙwal!

"Kawo nan," na ji Mama ta ce. "Za ka fasa mini kan yarinya."

Matar da ta yi shekara da shekaru tana korar awaki daga tulin doyarta ba ta kuskuren jifa. Ƙwas a sama da kafaɗata, na miƙa hannu, ga tsaga. Ƙwas ta gefen gwiwa, ga matakala. Ina hawa ina dariya, hawaye na shiga mini baki.

Ina yarinya na ɗauka Kaka ta gyara tatsuniyar ne don ta ƙarfafa mini zuciya. Sai a kan dutsen nan na gane ni ba ni da matsala da yarinyar cikin labarin, tuntuni na yarda da ita. Uwar aka saka don Mama, kuma tsohuwa ta san 'yarta ba ta saurin yarda, shi ya sa ta yi ta maimaitawa har doya ta nuna.

Can sai na ji tsakuwa na faɗuwa ƙasa da ƙafata, sannan shiru. Na kira ta.

"Hannuna ya kai iyaka, Asabe," ta ce daga ƙasa. Na ji ta zazzage sauran tsakuwar daga zaninta. "Ki ci gaba, ina nan."

Na lalubi dutsen, na sami makama, na hau.