Kawu Mai Yoyo da Hedfon Biyu

Kawuna ya yi shekara talatin da ɗaya a ma'aikatar ruwa, kuma aikinsa guda ne, saurare. Yana da wani dogon sandan ƙarfe mai kan katako. Sai ya kafa tsinin a kwalta, ya manna kunne a katakon, ya lumshe ido a tsakiyar titi, masu mota na ta danna masa oda. Can sai ya ce, "A haƙa nan." In an haƙa, sai a tarar bututu ya fashe. Shi ya sa ake kiransa Mai Yoyo.

Da ya yi ritaya sai ya rasa abin saurare. Ya saurari firij, ya saurari bangon maƙwabta. Ranar da ya manna kunne a cikin matarsa ya ce iska ta shiga layi, ranar ta kira 'ya'yanta mata biyu ta ce su nema wa ubansu abin yi kafin ta tattara kayanta.

Babbar ta kawo masa hedfon ɗin da kowa ke yayi, baƙi mai sheƙi, ba waya. Auta kuwa ta samo wani mummuna, toka-toka, mai nauyi kamar kwanon awo biyu, wayarsa ta kai igiyar shanya. Ta ce ba kowa ya san shi ba, amma masana sauti shi suke yabo. Kowacce ta zauna jiran Baba ya ce nata ya fi.

Kawu bai ɗauki abin da wasa ba. Ya zaɓi waƙa ɗaya, ta wata mawaƙiya da ake ji da ita a lokacin, ya yi sati guda yana cire wannan yana sa wancan. Ran Asabar ya tara mu a falo.

"Na Yayarku," in ji shi, "ganga yake buga wa mutum a ƙirji, shi ya sa samari ke rububinsa. Amma maƙaryaci ne, rufa-rufa yake yi. Na Auta ya fi gaskiya."

Auta ta fara murna, sai ya ɗaga hannu.

"Da shi na ji akwai yoyo a cikin waƙar."

"Baba, yoyo kuma?"

"Duk daƙiƙa huɗu, ɗis. A bayan yarinyar, ta hagu. Bututu mai rabin inci ne, robar mahaɗin ta cinye."

Muka karɓa ɗaya bayan ɗaya muka sa. Ba wanda ya ji komai sai soyayya.

Ran Litinin Kawu ya rataya hedfon ɗin Auta a wuya, ya ɗauki sifana, ya hau bas har situdiyon da aka naɗi waƙar. Ni na raka shi, don matarsa ta ce kada a kulle mata miji. Mai situdiyo ya saurare shi, ya yi dariya har da hawaye.

"Baba, ɗakin nan ko numfashin sauro ba ya shiga."

"Ba shiga ya yi ba, ɗana. A ciki yake zaune."

Kawu ya je bangon hagu, ya yaye soson da aka manna, ya nuna wuri da yatsa. Don a rabu da shi lafiya aka kira magini ya fasa. Ga bututu nan yana ɗiga. Kawu ya canja robar, ya ɗaure tamau, ya ƙi shan ko lemo.

Labari ya bazu. Nan da nan mummunan hedfon ya yi kasuwa. Sai ka ga samari a titi wuya ya karkace don nauyi, waya na harɗe musu ƙafa, kowa na rantsuwa ya ji ɗis. Wani ma ya ce ya ji kukan cikin mai jita. Wata biyu aka yi, wuya ya fara ciwo, kowa ya koma wa mai sheƙi.

Sai ga mai situdiyo a ƙofar gida, ya rame. Ya durƙusa ya gaida Kawu, ya ce tun da aka gyara bututun mawaƙiyar ta kasa waƙa. Takan riga kiɗa ko kiɗa ya riga ta. Ashe shekara shida ɗigon nan take bi, ita kanta ba ta sani ba.

"Baba, a taimaka a mayar mana da shi."

Kawu ya miƙe tsaye. "Ni? Ni zan kwance bututu da hannuna?"

Kwana uku ya tsaya a kan bakansa. A na huɗu Auta ta sa masa sabuwar waƙar yarinyar. Bai kai rabi ba ya cire hedfon ɗin, ya ce a miƙo masa sifana.

Ya ja hula har gira, ya shiga situdiyon ta ƙofar baya. Ya sassauta mahaɗin kaɗan, yana duba agogo, har ɗigon ya koma daƙiƙa huɗu daidai. Sharaɗinsa ɗaya ne: a ajiye bokiti, kada ɗigo ɗaya ya tafi a banza. Mawaƙiyar ta shiga, ta rera sau ɗaya tak, ta fito tana kuka tana gode masa. Shi ko ɗago kai bai yi ba.

Yanzu duk Litinin da Alhamis yakan je ya ɗauko bokitin ya ba furannin bakin ƙofa ruwa. Ya daina zuwa taron 'yan fansho na ma'aikatar ruwa. Kwanaki wani tsohon abokin aikinsa ya tare shi a tashar bas ya tambaye shi me yake yi yanzu. Kawu ya ɓoye sifana a baya, ya yi gyaran murya, ya ce, "'Yar harkar waƙa muke taɓawa."