Takalman da Aka Samu a Adudun Iya

Ni direban bas ne a Landan, kuma aikin ya dace da halina. Kowace tasha da sunanta, kowace da lokacinta, ba a tsallake ko ɗaya. Wannan hali a wurin kakata na gaje shi, mahaifiyar babana, wadda muke kira Iya. Saboda haka zan faɗi abin nan bi da bi, yadda ya zo.

Iya tana da dokoki uku a kan tatsuniya. Na farko, sai an yi sallah an wanke kwanukan tuwo. Na biyu, sai kowa ya ɓare kason gyaɗarsa, domin ƙuli-ƙuli ne sana'arta. Na uku, wanda ya yi gyangyaɗi an sallame shi, babu roƙo. Mukan kewaye murhu, garwashi yana ja, ita kuma tana juya gyaɗa cikin kasko da yashi. Ni ta fi yi wa tsiyar jika. Wai ni ne mijinta, kuma duk garin babu miji mai rowa kamata, ko ɓarin goro ban taɓa kawo mata ba. Ni kuma in ce ai na daɗe da sakinta, ta tsufa. Sai ta kai mini dukan wasa da mafici.

Yawancin labaranta na kura ne da zomo da aljanu, kuma takan rufe su da kalmomin nan da kowane yaro ya sani, masu nuna cewa duk shiri ne, ba a yi ba. Guda ɗaya ne ba ta taɓa rufewa haka ba: labarin marini.

Ta ce a zamanin Turawa an yi wani marini, hannayensa har gwiwa sun rine da baba. A lokacin, idan Di'o, wato Baturen da ke mulkin yankin, ya fito rangadi, duk wanda ya ci karo da shi sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Marinin nan ya fara zuwa zauren wani tela, inda masu neman 'yancin ƙasa suke taruwa a ɓoye. Wata ranar kasuwa Di'o ya biyo ta marina. Kowa ya zube ƙasa, shi kuwa yana tsaye da takalmansa, baba yana ɗiga daga yatsunsa. Tafinta ya tambaye shi ko makaho ne. A nan Iya takan ajiye ludayin juya gyaɗa, ta miƙe wuya, ta faɗi amsarsa a hankali:

"Ina gani sarai. A ƙasar nan aka binne cibiyata. In akwai mai tuɓe takalmi, baƙo ne."

Aka yi masa bulala a bakin kasuwa, aka kai shi gidan yari a babban gari, tafiyar yini guda a ƙafa. Matarsa ta je masa sau huɗu, kowane zuwa da ƙwaryar fura. Zuwan farko, hannayensa suna nan da shuninsu, har yana tsokanarta wai nonon ya yi tsami a hanya. Zuwa na biyu, shunin ya janye sai a farce, kuma yana tari. Zuwa na uku, hannayen sun yi fes kamar bai taɓa aiki ba, furar ma rabi ya sha. Zuwa na huɗu, ganduroba ya miƙo mata takalmansa ta ƙofa, ya ce an riga an binne shi. Ba a nuna mata kabari ba. Bayan 'yan shekaru, ranar da aka sauke tutar Turawa, gari ya cika da kiɗa, ita kuwa ta share ɗakinta ta zauna ciki.

Daga nan Iya takan sauke kasko ta ce mu tashi. Wata rana na tsaya na ce mata kura ma an san sunanta, shi marinin nan ya sunansa? Sai ta juyo ta ce:

"Kai mijin nan nawa, ga rowa ga tambaya. Sunan nan ba na bakina ba ne. Je ka kwanta."

Na je na kwanta. Ban sake tambaya ba.

Iya ta rasu ina shekara ta biyu a Landan, takarduna ba su kammala ba, don haka ban samu jana'izarta ba. Bayan sadakar bakwai Goggo Hajara, ƙanwar babana, ta kira ni. Ta ce sun buɗe adudun Iya, a can ƙasa suka samu takalman fata na namiji, sun bushe sun ƙanƙance, a naɗe cikin baƙin zane. Goggo ta ce ta taɓa ji a bakin wata tsohuwar maƙwabciya cewa Iya ta yi wani aure kafin kakanmu, mijin ya mutu a tsare, ba su haihu ba. Na tambayi sunansa. Goggo ta ce ita ma ba ta sani ba. Matan zamanin Iya ba sa kama sunan miji ko bayan ransa, kuma a gidan kakanmu babu mai tayar da maganar. Maƙwabciyar ta daɗe da rasuwa. Marinar ma an cike ramukanta an gina shaguna.

Bara 'yata Safiyya, wadda aka haifa a nan, ta yi mana booking, wato ta kama mana ranar zuwa, a wani gidan ajiye tsofaffin takardun mulkin mallaka. Na ɗauki hutun yini, na sa kaftani. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu mai kirki ce. Muka faɗi garinmu da zamanin, ba a jima ba ta fito mana da sunan Di'on, har da hotonsa yana murmushi da hular rana. Sai ta juyo ta tambaye ni sunan fursunan da muke nema. Na ce marini ne. Ta ce sunansa take nufi. Na ce ya ƙi tuɓe takalmi. Safiyya ta riƙe hannuna, ta ce mini cikin Hausarta mai tsinkewa, "Baba, mu tafi gida."

Da farko Iya na ga wa laifi. Na ce kunyarta ta ƙarasa abin da gidan yari ya fara. Daga baya na gane ba haka ba ne. Da ta daina ɗaukarsa miji, da ta faɗi sunan kamar na kowa. Shirun nan shi ne auren da ya rage mata, kuma duk da haka ta nemi hanyar da za ta damƙa mana shi, a gaban murhu, sau da yawa. Laifin nawa ne. Lokacin da nake yaro akwai tsofaffin marina a garinmu, kullum ina wuce su a hanyar makaranta. Tambaya ɗaya ta isa. Ni mai son tsari, wannan tashar na tsallake.

Takalman Goggo ta aiko mini da su, suna wurina yanzu, a saman kabad ɗin ɗakina. Idan na biyo da bas ta wajen Charing Cross nakan ga gumakan manyan Turawa, kowanne da sunansa a sassaƙe jikin dutse, ruwan sama bai goge ko harafi ɗaya ba.

Kullum bayan sallar asuba nakan yi wa mamatana addu'a a jere: babana, kakana, sai Iya. Bayan Iya nakan yi shiru gwargwadon numfashi ɗaya, daidai tsawon sunan mutum. Sannan in ce, Allah kai ka san shi, ka jiƙan shi.