Baba Sanarwa, Wanda Ya Ba Unguwa Muryarsa Har Ta Ƙare

Har yanzu da sassafe Baba Sanarwa yakan buɗe shagonsa na gyaran rediyo da ke bakin tsohuwar unguwarmu. Yakan share ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya fito da bencinsa mai gajeriyar ƙafa ɗaya, ya tokare ta da ɓallin bulo, sannan ya zauna. Aiki ya ja baya, domin wa ke kai rediyo gyara yanzu? Sai 'yar tocila, sai fankar da ta ƙi juyawa. Masu wucewa suna gaishe shi, shi kuma ya ɗaga hannu ya dafa ƙirji. Baƙo zai ɗauka rowar magana ce da shi. Bai san wannan dattijo mai ƙyalle a wuya shi ne wanda muryarsa ta tara mu, ta kai mu wurin murna da wurin kuka tun muna yara ba.

Unguwarmu ta girmi kakannin kakanninmu. Lungunanta matsattsu ne, mota ba ta shiga, kuma katangunta sun sha damina har sun gaji da ƙirge. Shi ya sa iyayenmu suka kafa ƙungiyar unguwa, don a riƙa yashe kwata, a tallafi bangon da ya tsage, a leƙa marasa lafiya. Da aka zo neman wanda zai riƙa zagayawa yana sanar da jama'a, kowa ya sunkuyar da kai, domin aikin babu ko sisi a cikinsa. A lokacin akwai wata tsohuwar lasifika a shagonsa, wadda aka kawo gyara mai ita bai dawo ba. Tela, shugaban ƙungiya kuma abokinsa tun na ƙuruciya, ya dube shi ya ce:

"Kai da Allah ya ba ka maƙogwaro irin na jaki, ga kuma lasifika a ajiye, me kake jira?"

Ya ce, "Ai jaki da kaya aka san shi. Ɗora mini."

Aka yi dariya, aka ɗora masa. Daga ranar sunansa na yanka ya ɓace, ya zama Sanarwa.

Kullum da yamma yakan ja ƙofar shago, ya ɗaure lasifika a gaban keke, ya shiga lungu. "Jama'a, a saurara!" Sai ka ga mata sun tsaya da wanki, yara sun yi tsit. Ranar Asabar akwai yashe kwatar bayan makaranta, kowa ya fito da shebur. Masu rigakafi suna zuwa gobe. Za a ɗauke ruwan famfo, a cika randuna. Akuyar wance ta ɓata, baƙa ce mai farin kunne. Ba ya kama sunan mai laifi a lasifika, amma yana da hanyarsa. Yakan ce, "Wanda ya ari tsanin ƙungiya, tsani yana gaishe shi, ya ce yana kewar gida." Kafin gari ya waye sai a tarar da tsani jingine a ƙofar Tela. Akwai wata Gwaggo da kunnenta ya yi nauyi, ba ta jin lasifika. Ita kam sai ya jingine keke, ya yi sallama, ya durƙusa ya maimaita mata komai a kunne. Takan ce, "Ɗan nan, daina ihu, ni ba kurma ba ce."

Amma abin da ya sa muke girmama shi ya wuce wannan. Baba Sanarwa yana da doka ɗaya da babu wanda ya kafa masa. Idan aka yi rasuwa, ba ya kunna lasifika sai ya taka da ƙafarsa ya je wurin makusantan mamacin da ba su ji ba. Ko kana kasuwa, ko kana saman gini, zai neme ka, ya ja ka gefe, ya zaunar da kai, sannan ya faɗa maka a hankali. Yakan ce bai dace ɗan Adam ya ji mutuwar uwarsa a bakin ƙarfe ba. Har unguwa ta gane: in ka ga Sanarwa a ƙofarka lasifika a kashe, to ka nemi wurin zama.

Kai ne ka ɗauki wannan nauyi, Baba. Kai ne ka ga fuskokinmu a lokacin da ba ma son kowa ya gan su, kuma ba ka taɓa ba da labarin kukan wani ba.

Sai shekarar da damina ta yi ƙarfi. Auta, 'yarsa ɗaya tilo da ta rayu, tana aure a wani gidan haya a can ƙarshen unguwa, jikin wata tsohuwar katanga da ta daɗe da tsagewa. Ƙungiya ta riga ta sa ranar aikin gayya don a tokare ta, shi da bakinsa ya sanar. Ruwa bai jira ranar ba. Aka yi kwanaki ana zuba, kuma ran nan da azahar yana cikin shago sai ga wani mai wanki a guje, jiƙe sharkaf, yana haki.

"Baba, katanga ta faɗi! Ta danne gidan haya, gidan su Auta!"

Mai wanki ya ce ya ga Baba ya miƙe ya yi taku biyu wajen gidan, sannan ya tsaya cak. Hannu biyu gare shi, kuma na mai gyaran rediyo ne. Katanga kuwa hannu ɗari take bukata. Sai ya juya wa gidan 'yarsa baya, ya jawo keke, ya shiga ruwan.

Duk wanda yake unguwar a ranar yana tuna muryar. "Jama'a, a fito! Katanga ta danne mutane a gidan haya! A fito da shebur, da diga, da bokiti! Wanda ba shi da komai ya zo da hannunsa!" Ruwa ya kai ƙwauri a lungu, keke ya ƙi tafiya, ya yar da shi ya rungumi lasifika yana tafe da ƙafa. Bai bar lungu ko ɗaya ba. Kuma a duk zagayen nan bai ce "'yata" ba. Mutane kawai yake cewa.

Jama'a suka fito kamar tururuwa. Magina, mahauta, malaman makaranta, mata da kwanukan wanki suna kwashe ƙasa. Aka zaro wata tsohuwa da rai, aka zaro yaran maƙwabta suna tari. Aka ji kukan jaririya, aka tono ta a ƙarƙashin gadon da ya karkace ya kare ta. Jikar Baba ce, 'yar Auta. Lokacin da ya iso, murya a dishe, an riga an lulluɓe Auta da zane. Likitan unguwa ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da babu wanda zai fita. Baba ya durƙusa a gefen Auta. Ya buɗe fuskarta ya duba, ya share mata ƙasa a goshi da bakin rigarsa, ya rufe.

Tela ya riƙe shi ya ce, "Zauna, bari in je in gaya wa Inna."

Ya girgiza kai. "Aikina ne."

Inna, mai ɗakinsa, ciwon ƙafa ya hana ta fita cikin ruwan. Ta ji shelarsa tun farko, ta rarrafo ta zauna a bakin ƙofa tana jira. Sai ta hango shi tafe, lasifika rataye a kafaɗa a kashe, jaririya a ƙirjinsa. Ya tsaya, ya yi sallama kamar baƙo. Ta daɗe tana kallonsa.

"Malam, yau gidanka ka zo?"

"Gidana na zo."

"To shigo ka zaunar da ni, ka faɗa mini yadda kake faɗa wa mutane. Kada ka rage mini komai don ni taka ce."

Ya shiga, ya zaunar da ita, ya faɗa mata. Maƙwabciyarsu ta ce ba ta ji kukan Inna ba sai da ya gama. Da ya fito, Tela ya miƙa hannu zai karɓi lasifika don ya sanar da lokacin jana'iza. Baba ya riƙe abarsa ya ce, "Duk 'ya'yan unguwar nan ni na yi musu. Ita kaɗai zan hana?" Ya zagaya ya sanar. Sau ɗaya kawai muryarsa ta karye, a wurin sunanta, sannan ya ci gaba.

Sannu, Baba. Sannu, gwani na Inna, wanda ya bar nasa ya kira wa jama'a ɗauki. Waɗancan yara da aka tono yau magidanta ne, kuma wasunsu ba su san hanyar da ka juya wa baya don su rayu ba.

Bai ajiye aikin ba. Shi da Inna suka raini jikar har ta yi aure, kuma kowace damina kafin hadari ya haɗu yakan bi katangun unguwa yana duba tsaga, ya dami ƙungiya har sai an gyara. Mutane sukan yi gunaguni, su ce tsohon nan ya cika naci. Amma tun daga wancan lokaci bango bai sake danne kowa a unguwarmu ba.

Shekarun baya muryarsa ta fara dishewa. Ya ce mura ce. Ya sha zuma, ya sha ruwan ɗumi, ba ta washe ba. Da ƙyar Inna ta tura shi asibiti, aka ce ciwo ne a maƙogwaro, sai an yi aiki. Aka ceci ransa, murya kuwa ta tafi. Abin da ya rage raɗa ce, sai ka kai kunnenka kusa da bakinsa. Ranar da ya dawo ya goge lasifika tas, ya kai wa Tela, ya ajiye a kan teburin ɗinki. Tela ya buɗe baki zai yi masa irin tsokanar da suka saba, sai ya kasa, ya juya yana neman almakashin da ke hannunsa.

Babu wanda ya ɗauki lasifikar. Matasan ƙungiya suka buɗe zauren tura saƙonni a waya, kuma gaskiya yana da amfani, labari yana isa da sauri. Amma watannin baya wani kafinta yana wurin aiki, ya duba wayarsa, ya ga hoton mahaifiyarsa tsakanin tallan firji da wani saƙon barkwanci, an rubuta Allah ya jiƙanta. A nan ya ji. Bayan kwanaki ya zo ya zauna a bencin Baba, ƙaton mutum, yana kuka kamar yaro, yana cewa, "Baba, da kana nan da ba haka ba." Baba kuwa ga shi a gefensa, yana raye, yana buga masa baya.

Tun daga nan, in labarin rasuwa ya riske shi da wuri, yakan ɗauki sandarsa ya kama hanya, yana tsere da waya. Yawanci waya ce ke riga shi. Duk da haka yakan ƙarasa, ya zauna, ya riƙe hannun mutum.

Makon jiya ƙungiya ta tara jama'a a filin makaranta don yi masa godiya. Aka yi jawabai, aka ba shi riga. Da aka nemi ya ce wani abu, sai ya jawo Inna ya yi mata raɗa. Ta saurara, ta share ido da gefen mayafi, ta ce:

"Ya ce ya gode. Ya ce kuma Gwaggo ta yi kwana biyu ba ta buɗe ƙofa ba, kuma ba ta da waya. A aika wani ya duba ta."

Mu da muka cika wurin, kowa da waya a aljihu, babu wanda ya lura sai mutumin da ba shi da murya. Aka je aka same ta kwance da zazzaɓi, ko ruwan sha babu a kusa da ita. Tana samun sauƙi yanzu.

Mun gode, Baba Sanarwa. Ka ba mu muryarka ba ka rage wa kanka ko ta kiran jikarka ba. Allah ya saka maka, ya jiƙan Auta, ya ƙara wa Inna haƙuri. Mu kuma da muka rage da maƙogwaro lafiya lau, ba a ce sai mun iya shela ba. Kowa yana da maƙwabcin da ya kwana biyu bai ji motsinsa ba. Ka tashi ka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Tsohon nan ƙafarsa ma ta fara gajiya.